Lacca: Rowan Atkinson, injiniyan da duniya ta sani da Mista Bin

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da yayyena da kannena barkanmu da yamma. Na baya dan Allah a matso gaba kadan, akwai kujeru.

Toh yau kan mutum daya zamu yi magana, kuma na san duk wanda ke zaune a nan ya san fuskarsa ko da bai san sunansa ba. Sunansa Rowan Atkinson, amma Mista Bin kowa ke ce masa. Abinda yasa na zabe shi, matasanmu da yawa yanzu sun shiga harkar barkwanci a waya, kowa da kyamararsa, kuma akasarinsu sun dauka abin kawai ka yamutsa fuska ne ka fadi kasa a yi dariya. Ni kuma so nake in nuna muku cewa wannan bawan Allah da ake kallo kamar wawa, lissafi yake yi, lissafi mai wuya ma kuwa.

An haife shi ranar 6 ga Janairu 1955 a arewa maso gabashin Ingila, yankin Durham, shine auta cikin maza hudu, babansu manomi ne mai rufin asiri. Yana yaro yana da in'ina kuma ga kunya. Karatunsa ma ba na wasan kwaikwayo bane, injiniyan lantarki ya karanta a jami'ar Newcastle, ya wuce Oxford a 1975 domin digiri na biyu duk a kan lantarkin. A can Oxford din ne ya hadu da Richard Curtis marubuci, da Howard Goodall mai hada kida, kuma mutanen nan biyu su ya rike shekara da shekaru, kusan duk wani babban aiki nasa na farko da hannunsu a ciki. Ku lura da wannan, bai taba zama shi kadai ba, akwai masu zama su rubuta.

Maganar in'inar nan kuwa shi da bakinsa ya fada cewa in ya shiga rigar wani mutum a wasa sai ta dauke. Har ma ya maida ita jari, in kun saurari yadda yake furta harafin B a wasanninsa, sai ya cika baki ya matse lebe sannan ya sake shi, turawa su yi ta kyalkyala dariya a kan kalma daya tak.

A 1979 BBC ta dauke shi cikin wani shiri mai suna Not the Nine O'Clock News, shi da Mel Smith da Pamela Stephenson, daga baya Griff Rhys Jones ya shigo sosai. Gajerun wasanni ne, wani minti biyu wani uku, ana zolayar yan siyasa da yan sanda da masu karanta labarai, an yi shi har 1982. Nan ne makarantarsa ta gaskiya. Gajeren wasa ba ya yafiya, ba ka da lokacin da zaka yi shimfida, dole cikin dakika kadan mai kallo ya gane waye kai, me kake so, me ya tare maka hanya, in ba haka ba ya tashi ya bar wajen.

Daga nan sai shirin barkwanci na BBC mai suna Blackadder a 1983, kuma nan nake so mu dan dade. Kashin farko an kashe kudi sosai, an fita waje da dawakai da tsohuwar fadar sarakuna, shi kuma ya fito a dan sarki matsoraci mara wayo. Abin bai yi armashin da ake zato ba, saura kiris BBC ta rufe shirin. Me suka yi? Basu tsaya suna cewa mutane ne basu gane ba. Aka kawo wani marubuci Ben Elton ya hadu da Curtis a rubutu, shi Atkinson ya janye hannunsa daga rubutun gaba daya, aka rage kudi aka koma cikin situdiyo, sannan aka juya halin jarumin, ya zama shine mai wayo mai kaifin harshe, baransa Baldrick wanda Tony Robinson ke fitowa shi ya zama dolon. Da wannan gyaran kashi na biyu ya fito a 1986 ya karbu. Wallahi ba karamin abu bane mutum yana tashe ya yarda cewa wani ya fi shi iya rubutu ya mika masa alkalami. Kashi na hudu a 1989 an dora shi a ramukan yakin duniya na daya, kuma karshensa ba dariya, sojojin nan da aka yi ta raha da su aka busa usur suka fita filin daga, shikenan. Har yau turawan Ingila suna lissafa wannan karshen cikin mafi taba zuciya da aka yi a talabijin dinsu.

Kun ga kenan a kasarsu mutum ne na magana, mai baki. Amma abinda ya kai shi ko'ina a duniya shine wanda ya daina maganar.

Mista Bin tun yana dalibi a Oxford yake kulla shi. A 1987 ya je wani bikin barkwanci a Montreal ta kasar Kanada, ya nemi a sa shi gaban masu jin faransanci maimakon masu jin turanci, domin ya gwada ko wasan zai yi aiki a wajen wanda baya jin yarensa. Wannan ai aikin injiniya ne, ka gwada na'ura kafin ka kaita kasuwa. Yayi aiki. Ranar 1 ga Janairu 1990 aka haska Mr. Bean na farko a tashar ITV.

Yanzu in tambaye ku, kashi nawa kuke zaton an yi? Na ji wani yace dari. A'a malam, 15 ne kacal, daga 1990 zuwa 1995. Shekara kusan shida ana fitar da 15, kuma da su aka zagaye duniya, akwai kashin da mutum sama da miliyan 18 suka kalla a Birtaniya kadai. Ku hada da mai sakin bidiyo uku kullum.

Mu dauki wasan jarrabawar nan na kashin farko mu warware shi. Ya shigo da birai rututu yana ji da kansa, ya bude ambulan yaga ba abinda ya karanta aka kawo ba, daga nan sai satar amsa, ya leka ta gefe, ya hura takardar makwabcinsa, ya yar da abu kasa domin ya samu hanya, kowace dabara tafi ta baya muni, hankalinsa na kara tashi, sai a mintin karshe yaji ashe takarda biyu ce a cikin ambulan din kuma ta biyun ita ce wadda ya karanta. Ba wani motsi da yazo a banza. Matsala daya ce karama, aka yi ta hawa da ita mataki mataki, kuma tun farko an boye amsar a gaban idonka. Haka wasan coci inda yake kokawa da barci da alawa, haka wanda ya daura kujera a saman karamar motarsa yana tuki da igiya da sandar goge daki. Kullum tsarin daya ne, abu mai sauki da kowa zai yi cikin minti daya, shi sai ya bi ta doguwar hanya, kuma hanyar tasa in ka duba da hankali a cikinta, irin hankalin yara.

Shi kansa cewa yayi Bin yaro ne a jikin babba. Shi yasa yake da son kai, yake mugunta wani lokacin, baya jin kunyar kowa, amma baka iya tsanarsa. Ya kuma sha fadin cewa ya koyi abubuwa da yawa daga Jacques Tati dan wasan Faransa, wanda shima jikinsa ke magana ba bakinsa ba.

Sauran tarihin zan bi da sauri domin lokaci. Shine muryar tsuntsu Zazu a The Lion King na 1994, fim din Bean ya fito 1997, na biyu 2007, katun din ya fara 2002, fim din Johnny English kuwa sau uku, 2003 da 2011 da 2018. A bikin bude gasar Olamfik ta Landan a 2012 ya zauna cikin manyan makada yana danna makulli daya na fiyano da yatsa daya, duniya na kallo, bai ce uffan ba. A 2016 ya fito a dan sanda mai bincike Maigret, wasan da babu dariya ko kadan, wasu sun yaba wasu sun ce idonsu ya kasa daina ganin Bin, kuma gaskiya wannan shine kudin da ya biya, fuskar da ta daukaka shi ita ta takaita shi.

Wani abu da ya kamata masu sha'awar sana'ar nan su ji, a hirarsa ta 2021 yace baya jin dadin yin Bin, damuwa da gajiya yake samu, saboda nauyin lallai sai abin ya bada dariya. Mutum ne mai shiru shiru, baya son hira da yan jarida kan iyalinsa, abinda aka fi saninsa da shi a waje shine son motoci, har ya taba yin hatsari sau biyu da McLaren F1 dinsa, 1999 da 2011. A wajen aiki kuma an san shi da maimaita abu daya har sai ya zauna daidai, dan daga gira ma sai an auna a wace dakika zai zo, kafin ta ko bayan ta.

Naga mai gabatarwa yana min alama. Toh masu tambaya a daga hannu, bari mu fara da baiwar Allah din can ta layi na biyu.