Na ga Zuhal da idona a dajin Kielder

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da duhun hoton, a wurin nan ba a kunna farar fitila, sai ja. Kuna jin muryata tana rawa ko? Sanyi ne, amma wallahi rabi murna ce. Yanzun nan na ɗago kaina daga na'urar hangen nesa, na ga duniyar Zuhal. Zuhal ɗin da muke ji a bakin malamai, ga ta ga zobenta, da ƙwayar idona. Subhanallah! 'Yar ƙarama ce a cikin madubin, launinta ruwan madara mai ɗan rawaya, zoben ya ratsa ta siriri kamar an soke dunƙulen fura da tsinke. Dattijon da ya saita mini ya ce a watan Maris na 2025 zoben ya juyo mana da gefensa, shi ya sa ya sirance, zai riƙa buɗewa a hankali har wajen 2032. Kuma hasken nan da ya shigo idona ya fi awa guda a hanya, domin tazarar ta haura kilomita biliyan guda.

Inda nake sunansa Kielder, a arewacin Ingila, dab da iyakar Sukotlan, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi a mota daga Newcastle. Akwai ɗakin kallon taurari a kan tudu da aka buɗe a 2008, a 2013 kuma aka ayyana yankin a matsayin wurin da ake kare duhunsa. Ku ji fa, duhu ake karewa! Fitilun titi sun cinye musu sama a birane, yaro sai ya girma bai taɓa ganin farar hanyar nan ta taurari da ke ratsa sama ba. Mutane su ciko mota, su sayi tikiti tun da wuri, su zo su tsaya cikin sanyi don su ga abin da muke kwana a ƙarƙashinsa a tsakar gida kyauta. Abin nan ya tsaya mini a rai.

Na gaya wa dattijon haka, na ce masa Baba, a garinmu kakata ba ta da na'ura amma da yatsa take nuna mana Kaza da 'Ya'yanta, ta san lokacin da Gamzaki ke fitowa kafin asuba. Da ya ji daga wajen Kano nake, sai ya riƙe hannuna. Ya ce ka san abin da kuke da shi kuwa? Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, nan kuwa 55. Saboda haka duniyoyin Zuhal da Mushtari a wajenmu suna hawowa kusan tsakar ka, inda iska ba ta dagula gani. Sannan tauraro Suhailu, na biyu a haske a duk sararin dare, ba ya leƙowa Ingila ko kaɗan, mu kuwa muna ganinsa ta kudu a lokacin sanyi. Mutumin nan ya tsufa a wannan harka, amma sai ya hau jirgi kafin ya ga abin da ɗan kiwo ke gani a bayan gari. Gaskiya na ji kaina ya ƙara girma.

Tawa na'urar ga ta nan, bari in haska muku da jar fitilar. Irin wadda ake kira Dobsonian ce, bututu ne ƙato a kan akwatin katako, madubin da ke gindinsa inci 8. Ta hannu na saya, fam 220, mai ita yana tashi daga gida. Babu batir, babu waya, da hannu kake tura ta. Abin da ya fi burge ni, idan ka saita duniyar ta zauna a tsakiya, kana kallo za ka ga tana sulalewa gefe har ta fice, sai ka ɗan zunguri bututun ka bi ta. Ashe juyawar ƙasar da kake tsaye a kai ce kake gani ƙiri-ƙiri. Ɗazu na juya kan Mushtari, ga ɗigo huɗu a jere a gefenta, watanninta ne, su ne Galileo ya gani a 1610 da na'urar da ba ta kai tawa ba.

Matsalar ƙasar nan gajimare. Sai ka shirya, ka sha mai, ka iso, sama ta rufe ruf. Da bazara kuma, wajen watan Yuni, dare ba ya yin duhu sosai a nan arewa, wanda ya yi azumi a irin lokacin ya san zancen, lokacin isha ma sai an yi ta tambayar malamai. Zancen azumi ya tuna mini, a nan masallaci biyu a unguwa ɗaya sai su yi salla rana daban-daban, wasu na bin Saudiyya, wasu Maroko. A gida kuwa kowa kunnensa na kan sanarwar Sarkin Musulmi. Ina kewar wannan daren, yara a kan katanga kowa na cewa shi ya fara gani. Da a ce kowace makarantar sakandare tana da ko da na'ura ɗaya irin wannan, da yaranmu sun yi nisa, tun da son duban sama a jininmu yake.

Wanda zai fara, don Allah kada ka sayi 'yan ƙananan nan da ake rubuta wa suna ƙara girma sau 500 a jikin kwali. Ƙafarsu rawa take yi, ba za ka ga komai ba, sai ka tsani abin. Faɗin madubi shi ne magana. Gara ka nemi madubin hangen nesa mai ido biyu, irin na sojoji, wanda aka rubuta 10x50 a jikinsa, ka sa manhajar Stellarium a waya, kyauta ce. Ka fita bayan gari bayan ɗaukewar damina, kafin hazon hunturu ya sauko, daren da babu farin wata. Ka ba idonka minti 20 a duhu, kada ka duba waya, in ka duba ka koma farko.

Sannan ina roƙonku da girman Allah, kada wanda ya kalli rana da waɗannan abubuwa, ko na ƙiftawar ido. Makanta ce nan take, ba ta da magani. In akwai yara a gida, da rana a rufe bakin na'urar a kulle ta a ɗaki. Ƙanena da ke ta aiko mini saƙo in kawo masa, da kai nake, sai ka yi mini wannan alkawari tukuna.