Gawo ɗaya, fom uku

(Laccar da wani tsohon malamin daji ya yi wa ɗaliban aikin gona a Daura, an rubuto ta daga rikodin.)

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe shugaban taro, malamai, da ku 'ya'yana ɗalibai, barkanmu da yamma. Na ga na baya suna fifita da littafi, ba zan ja ku da nisa ba.

Akwai wani gawo a gonar mahaifina, kan hanyar Zango. Kun san halin gawo: da damina ya kakkaɓe ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi kore shar, ya zubo wa awaki 'ya'ya. To wannan gawon, cikin shekara ɗaya sau uku na shigar da shi takardar gwamnati, kuma ba takardar da ta yi tambayar 'yar'uwarta.

Ga mafarin abin. A 1992 ƙasashen duniya suka taru a Rio de Janeiro ta Brazil, aka fito da yarjejeniyar sauyin yanayi da ta kare nau'o'in halittu. Ta yaƙi da kwararowar hamada, wadda ta fi taɓa mu, sai 1994 aka kammala ta a Paris. Nijeriya na cikin duka ukun. Ofishin yanayi da na hamada suna Bonn ta Jamus, na halittu yana Montreal ta Kanada, kuma kowa da lokacin karɓar rahotonsa. Masu yanayi, bisa yarjejeniyar Paris ta 2015, duk shekara biyu suke so. Wa'adin na farko ƙarshen Disamba 2024 ne. Masu hamada duk shekara huɗu. Su masu yanayi kabon ɗin da ke jikin itacen suke tambaya, wato sinadarin da itace ke zuƙa daga iska ya ajiye. Masu hamada abu uku suke aunawa: me ya rufe ƙasar, nawa take haifarwa, da kabon ɗin da ke cikin turɓayar. Masu halittu kuwa iri nawa ne ya rage, wane ne ke ɓacewa.

Wani abin dariya: a ma'aunin hukumar abinci ta duniya, FAO, ba a kiran wuri daji sai ya wuce rabin hekta, itatuwa sun haura mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100, kuma ba gona ba ce. Ke nan gawon babana, da duk ɗorawa da kukar da ke gonakin ƙasar Daura, ba daji ba ne a takarda. (Dariya.)

Ba a zauna haka nan ba, a yi musu adalci. Tun 2001 ofisoshin nan uku suka kafa kwamitin tuntuɓar juna. Yarjejeniyoyin guba uku, Basel da Rotterdam da Stockholm, har ofishi ɗaya suka koma a Geneva. Mu da aka jibge wa dattin guba daga Italiya a garin Koko na jihar Delta ta yanzu a 1988 mun san amfanin wannan. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe InforMEA, inda za ka ga rubutun yarjejeniyoyin da hukunce-hukuncensu wuri guda, ga kuma DaRT, rumbun da ƙasa za ta zuba bayanan halittunta sau ɗaya ta riƙa ɗiba don rahotanni daban-daban.

Amma rumbu, abin da ka zuba shi za ka ɗiba. Wata shekara wani ofis ya aiko mana fom uku, babur ɗaya gare mu, mai kuma daga aljihu. Da alƙaluma suka haɗu a sama sai aka ce mun yi ƙarya, don ba su zo ɗaya ba. Alhali fom na farko dashen da aka raba ya tambaya, na biyu wanda aka dasa, na uku wanda ya rayu. Duk wanda ya taɓa ganin akuya ta samu dashen dogonyaro ba shinge a watan Afrilu ya san tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku.

Shi ya sa ni a ganina gyaran daga ƙaramar hukuma zai fara. Littafi ɗaya, ƙirga ɗaya, a bazara kafin ruwan farko, lokacin da mai mutuwa ya riga ya mutu. A rubuta irin itacen da kwanan wata, a ɗauki lambar wurin da waya. Shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya shafi jihohi 11 a Nijeriya, har da Katsina. Da littafin kowace iri ɗaya ne, mai rahoton Bonn da mai na Montreal tushe ɗaya za su ɗiba. Kuma ku leƙa bayan Kwangwalam, kan iyakar Nijar: manoman Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna barin tohon gawo in suna sassabe, su ma da nasu lissafin da ba ya haɗuwa da namu.

Na ji an fara kiran la'asar. Ɗiyata mai jan hijabi, na ga hannunki tun ɗazu, yi tambayarki kafin a tada sallah.