Finafinan da suka fi burge ni a 2023, da wanda aka hana shi haƙƙinsa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da idanuna, ban yi barcin kirki ba. Bikin Oscar na 2024 ya kama ne da tsakar dare a agogonmu na nan Italiya, na zauna har kusan asuba ina jiran a kira sunan fim ɗaya tak, sai aka kira wani. Wallahi raina ya ɓaci. Tun watan Disamba kuke matsa mini in jero muku finafinan da suka fi burge ni a 2023, ina ta ɗaga ƙafa ina cewa bari a gama rabon kyaututtuka. To an gama, kuma abin da alƙalan Amurka suka yanke bai sauya komai a lissafina ba.

Ba zan ja muku rai ba, na ɗaya a wurina shi ne Io Capitano na Matteo Garrone. Shi Italiya ta tura gasar finafinan ƙasashen waje, ya shiga biyar ɗin ƙarshe, sai The Zone of Interest na Birtaniya ya ɗauke kyautar. Ban ce wancan ba fim ba ne. Labarin kwamandan sansanin Auschwitz na 'yan Nazi ne da iyalinsa, suna shan iska a lambu, bayan katangarsu ana ƙona mutane, kuma mai ba da umarninsa ya ambaci Gaza a kan dandamali, na jinjina masa a kan wannan. Amma wancan ta'asar ta shekaru tamanin da suka wuce ce, kowa ya riga ya yarda mugun abu ne. Ta Io Capitano kuwa yanzu haka da nake muku magana ana cikin yin ta.

Yara biyu ne 'yan Dakar, Seydou da ɗan uwansa Moussa, shekara goma sha shida-shida. Abin da ya fara kama ni, ba yunwa ce ta kore su ba, ba yaƙi ba. Suna da uwa, suna da ƙanne, ana kiɗa ana rawa a unguwa. Buri ne kawai, suna so su zama mawaƙa a Turai har Turawa su riƙa neman sa hannunsu. Duk wanda ya san samarinmu ya san wannan ita ce gaskiyar, kuma ba kasafai masu shirya fim suke da ƙarfin halin faɗinta ba, sun fi son su nuna mu cikin tsumma. Suka tara kuɗi a ɓoye, suka bi ta Mali, suka sayi fasfo na jabu, suka faɗa Agadas. Da na ga an rubuta Agadas a allo sai da gabana ya faɗi, don wannan hanya ba baƙuwa ba ce a kunnen Bahaushe. Saharar dai a Maroko aka ɗauke ta, amma ba za ka damu ba.

Akwai wurin da mota ke sheƙa gudu a cikin rairayi, mutum ya suɓuce ya faɗo, ana ihu ana dukan mota, direba ko waiwaye bai yi ba. Daga baya aka sauke su aka ce su taka da ƙafa. Wata mata ta gaji ta zube, Seydou ya koma ya tallabe ta yana ba ta ruwa, jagora kuwa ya yi gaba abinsa, in ka tsaya kai ma ka mutu. Dole ya bar ta. Sai fim ɗin ya nuna mana abin da zuciyar yaron take so ya faru: ya riƙo hannunta, ita kuma tana shawagi a sama tana bin sa tana murmushi. Wata tsohuwa Ba'italiya ce a kujerar da ke kusa da tawa, ta cire tabarau ta riƙe a hannu, ta daina karanta fassarar da ke ƙasan allo gaba ɗaya, hawaye kawai take sharewa da bayan hannu. Da aka kunna fitila ta kalle ni kamar za ta yi magana, sai ta dafa mini kafaɗa ta wuce.

Ku lura, da Wolof da Faransanci aka yi fim ɗin, kuma haka aka haska shi, mutanen nan da ba su saba karatu a silima ba suka zauna suna karantawa. Yuro uku da rabi na biya, don ya fito a farkon Satumba lokacin da ake rangwamen finafinan Italiya da na Turai. Yaron da ya fito a Seydou, sunansa na gaskiya Seydou Sarr, bai taɓa yin fim ba, amma ya karɓi kyautar sabon jarumi a bikin Venice, Garrone kuma ya karɓi ta mai ba da umarni.

Ba zan ba ku labarin kurkukun Libiya ba, inda ake ce wa mutum ya kawo lambar wayar gida a kira a turo kuɗi ko a gana masa azaba. Ku je ku gani. Amma ƙarshen ne nake so mu yi magana. A Tirabulus masu fataucin suka ce wa Seydou shi zai tuƙa jirgin ruwan, yaron da ko iyo bai iya ba, aka cika masa jirgi da mutane har da mai tsohon ciki. Ya kai su gaɓar Sisili, jirgi mai saukar ungulu na shawagi a kansu, yana ihu yana cewa shi ne kyaftin, babu wanda ya mutu a hannunsa. A nan fim ya tsaya. Mu da muke zaune a ƙasar nan mun san abin da ke biyo baya. Wanda aka samu riƙe da sitiyari shi ake fara kamawa a matsayin mai safarar mutane. Ɗaya daga cikin waɗanda aka gina labarin a kan rayuwarsu, ɗan Gini ne da ya tuƙa jirgi yana da shekara goma sha biyar, kuma daga sauka sai gidan yari. Bayan jirgin da ya kife a Cutro, a gaɓar kudancin Italiya, cikin Fabrairun 2023, inda sama da mutum 90 suka rasu, gwamnati ta ƙara tsananta hukuncin, yana iya kaiwa shekara 30 idan an rasa rai. Su kuwa manyan da suka karɓi kuɗin suna can ƙetaren teku ba abin da ya same su.

Don haka ƙannena masu turo mini saƙo kuna tambayar hanya, ku ji ni da kyau. Na san a watan Nuwamban 2023 sojojin Nijar sun soke dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure, na san an ce hanyar Agadas ta buɗe. Sahara ba ta san an soke doka ba. Ni ba zan taɓa ba wa ɗan wani shawarar bin hanyar nan ba, kuma duk wanda ya ce maka ka riƙe sitiyari a yafe maka kuɗin jirgi, to kurkuku yake sayar maka.

Na biyu shi ma na nan ne, C'è ancora domani, na Paola Cortellesi. Ita ta ba da umarni, karon farko a rayuwarta, ita ce kuma jarumar. Baƙi da fari ne, ba kala, amma ya doke Barbie a cinikin tikiti a Italiya, ya haura yuro miliyan 30. Birnin Rum ne a 1946, bayan yaƙi. Fim ɗin na buɗewa mace ta farka ta gaida mijinta, ya amsa mata da mari, ta tashi ta ci gaba da aikin gida kamar ba a yi komai ba. Wannan shirun nata ya fi marin ciwo. Wani wurin ma dukan da yake mata sai aka mai da shi kamar rawa suke yi, ana kiɗa, jini na fitowa yana ɓacewa, don ka gane abu ne na kullum. Wanda bai kalla ba ya ɗan matsa gaba, zan ɓata masa. Akwai takardar da take ɓoyewa tun tsakiyar fim, kowa a silima ya ɗauka wasiƙar tsohon saurayinta ce, guduwa za ta yi. Ashe katin zaɓe ne. Ranar 2 ga Yunin 1946 ce, ranar da Italiya ta zaɓi jamhuriya ta bar sarauta, matan ƙasar suka fita jefa ƙuri'a. Ka ga mata a layi suna goge jan baki kafin su liƙe takarda don kada ta ɓaci. Da aka gama mutane suka yi ta tafi, ni ma na taya su. Mu da muke zuwa muna ganin Turai kamar haka aka halicce ta, kakannin waɗannan matan da nake haɗuwa da su a bas su ne na cikin fim ɗin.

Na uku, ku ce duk abin da za ku ce, Jawan ne. Shah Rukh Khan ya yi shiru tun 2018, mutane har sun fara cewa zamaninsa ya wuce, sai ga shi da finafinai uku a shekara ɗaya, Pathaan da Jawan da Dunki. Mutum mai shekara 57 ya fito a uba ya fito a ɗa, ya ƙwace jirgin ƙasa a Mumbai don a biya wa manoma bashi, ya tona asirin asibitin gwamnati da yara ke mutuwa saboda rashin iskar numfashi, a ƙarshe ya kalli kyamara ya ce wa mutane su yi wa ɗan takara tambaya kafin su dangwala masa. Akwai ƙarya a cikin faɗan, na sani, amma ai mun san abin da muka zo kallo. A Netflix na gan shi ni kaɗai a ɗaki, kuma a nan kewa ta kama ni. Fim ɗin Indiya ba na mutum ɗaya ba ne. Yana son ɗaki cike, wani na faɗa maka abin da zai faru, wani na cewa a mayar da waƙa baya, a yi ihu in jarumi ya shigo. Abokan aikina na nan ko sunan Shah Rukh ba su sani ba, na ce musu mu tun muna yara mun haddace finafinansa, har da Hausa muke jin sa yana magana. Suka ɗauka wasa nake.

Maganar fassara ta tuna mini. In ka zo Italiya za ka shiga silima, ka duba ko an rubuta V.O. a gefen sunan fim, wato da harshensa na asali za a haska shi. In babu, to an ɗora masa murya da Italiyanci, don nan kusan komai sai sun fassara. Haka na shiga Oppenheimer, wanda sai ƙarshen Agusta ya iso nan, wata guda bayan Amurka, na tarar da Einstein yana zuba Italiyanci. Awa uku ana gardamar kimiyya da siyasa cikin sauri, kaina ya ɗau zafi, sai da na sake neman inda ake haska shi da Turanci.

Oppenheimer ɗin na biyar na sa shi, duk da Oscar bakwai da ya kwashe jiya. Aiki ne babba, dala miliyan 100 aka kashe ya dawo da sama da miliyan 900, kuma wurin gwajin bam ɗin nukiliya na 1945, inda haske ya tashi aka yi tsit kafin ƙarar ta iso, ya isa a yaba wa Christopher Nolan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne awa uku ana nuna mana damuwar wanda ya ƙera bam, ba a nuna mana fuskar mutum ɗaya na Hiroshima ba. Kuma mafi yawan yuraniyom ɗin da aka yi aikin da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kongo aka haƙo, da hannun 'yan Afirka, lokacin mulkin Beljiyam. Wa ya ba su ko minti biyar?

Shi ya sa na ɗora Killers of the Flower Moon a kansa, na huɗu. Martin Scorsese ya ɗauko labarin ƙabilar Osage ta Oklahoma a shekarun 1920, waɗanda aka samu man fetur a ƙasarsu suka yi arziki, sai Turawa suka riƙa auren matansu suna kashe dangin ɗaya bayan ɗaya don gado ya gangaro musu. Lily Gladstone ta fito a matar da mijinta ke yi mata allurar ciwon suga yana haɗawa da guba, yana kuma ce mata yana son ta. Da ido kawai matar nan take magana, ta shanye DiCaprio da De Niro duka. An sa fim ɗin a gurbi goma a Oscar, ya tashi ba ko ɗaya, ita ma Lily ɗin, Emma Stone ta kayar da ita. Wannan shi ne ɓacin raina na biyu a daren jiya. Gargaɗi ɗaya, awa uku da kusan rabi ne, kada ka kuskura ka shige shi bayan ka taso daga aikin dare.

Ba zan rufe ba sai na ambaci The Black Book na Editi Effiong, ko da bai shiga biyar ba. Richard Mofe-Damijo ne uban da 'yan sanda suka ƙulla wa ɗansa sharrin garkuwa da mutane suka kashe shi. Rabin ƙarshen ya ɗan rikice, amma ranar da na buɗe Netflix na ga fim ɗin Najeriya, da aka yi da kusan dala miliyan ɗaya, yana gogayya da na Amurka a jerin waɗanda duniya ta fi kallo, sai da na ɗauki hoton allon na tura wa duk wanda na sani a nan. Yanzu kuma da aka naɗa Ali Nuhu shugaban hukumar finafinai ta Najeriya a watan Janairun 2024, ina sa ran wata rana in sayi tikiti a garin nan in zauna in ji Hausa na fitowa daga bangon silima. Labarin hanyar Agadas ma ai mu ya kamata mu ba da shi, direbobinmu da 'yan uwanmu ne a cikinsa.

Masu tambayar Barbie, na kalla, dala biliyan 1.4 ya tara, ya fi kowane fim ciniki a shekarar, amma ba ni aka yi wa shi ba. Hasken rana ya fara dukan kyamarar nan, kuma ƙarfe biyu zan shiga aiki. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, a gaida mutanen gida.