Dokar Taimakekeniyar Lafiya: Abin da Ta Sauya Tsakanin Likita da Majinyaci a Katsina

Jama'a, assalamu alaikum. A Najeriya, cikin kowace naira 100 da ake kashewa kan lafiya, sama da 70 daga aljihun mutane take fitowa kai tsaye. Shi ya sa idan naƙuda ta zo wa mace da gardama a wani ƙauye na Daura ko Mashi, kafin a kai ta asibiti sai an fara neman mai sayen akuya ko buhun gero.

Wannan halin ake son kawarwa da dokar inshorar lafiya. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, wadda ta maye gurbin tsohuwar NHIS, ta kuma wajabta shiga tsarin ga kowane ɗan ƙasa. Katsina tana da tata hukumar, KTSCHMA, da aka kafa a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari. Taimakekeniya ce: kowa ya zuba kaɗan, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga asusun.

To, yaya kuɗin ke isa hannun likita? A nan ne maganar take, don haka ku saurara da kyau.

Idan ka yi rajista, za ka zaɓi asibiti guda. Kowane wata ana biyan asibitin wani ƙayyadadden kuɗi a kan sunanka, ko ka zo ko ba ka zo ba. A tsohon tsarin tarayya an daɗe ana biyan naira 750 kan kowane mutum. Da wannan za a duba ka, a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, a ba ka magani. Babban aiki kamar tiyatar haihuwa kuwa, sai an tura ka gaba da lambar izini, a biya shi daban.

Alherin wannan a fili yake. Likita ya huta da kallon uwa tana kwance bakin zani tana ƙirga canji alhali yaronta na suma. Amma a lura, idan farashin magani ya ninka, kuɗin da ake biya bai motsa ba, ko biyan ya yi jinkiri, kantin maganin asibiti ne ke fara bushewa. Sai a miƙa wa mai katin inshora takarda a ce, “Baba, wannan babu shi, sai dai a waje.” Baba ya ga kamar likita ne ya cuce shi, alhali shi ma likitan hannunsa a ɗaure yake. Ni a ganina, duk dokar da ba ta tilasta biyan asibitoci a kan kari ba, majinyaci ne zai ɗauki nauyin gibinta.

Marasa ƙarfi ma doka ba ta bar su ba. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma daga nan ake yi wa masu juna biyu, ƙananan yara da tsofaffi rajista kyauta.

Idan kana da kati, tambayi asibitinka jerin magungunan da tsarin ya ɗauka. In an tura ka saye a waje alhali maganin na cikin jerin, kai ƙorafi ofishin hukumar, ka riƙe takardar da likita ya rubuta maka.