Sharhi: Kati Ba Magani Ba Ne

Jama'a masu sauraro, akwai wata magana da ta ishe ni, wadda ake maimaitawa duk lokacin da aka zauna zancen kuɗin asibiti, wai ƙasashen da suka fito daga mulkin kwaminisanci sun warware matsalar jinya da dabara guda: sun wajabta inshorar lafiya, sun raba wa kowa kati, magana ta ƙare. Mai faɗin haka katuna ya ƙirga, bai leƙa ɗakin majinyata ba.

A tsarin da Tarayyar Sobiyet ta gina, wanda ake kira da sunan Nikolai Semashko, kwamishinan lafiya na farko bayan juyin juya halin 1917, gwamnati ce mai asibiti, ita ce mai likita, ita ke biya daga baitulmali, kuma a takarda jinya kyauta ce. Ba yabonsa nake yi ba, domin gadaje sun yi yawa, magani ya yi ƙaranci, albashin likita kuma abin kunya ne. Da mulkin ya rushe tsakanin 1989 da 1991, baitulmali ya ƙafe, sai yawancin ƙasashen suka rungumi salon Jamus na yankar kaso daga albashi a zuba a asusun inshora. Rasha ta fara a 1993, Foland a 1999, Bulgeriya ma ta kafa asusunta a shekarar.

To, a tsaya a Bulgeriya, don nan ne abin ya fi fitowa fili. Ana yankar kashi 8 cikin ɗari na abin da mutum ke samu, gwamnati kuma na biya wa yara da 'yan fansho. Amma mai aikin da ba a rubuta ba, da wanda ya daɗe babu aiki, shi zai biya wa kansa, kuma idan ya tsallake fiye da wata uku a cikin shekara uku, haƙƙinsa ya faɗi, ba zai dawo ba sai ya biya bashin da ke kansa na shekara biyar da suka wuce. Ku dubi wannan hukunci! Mutumin da ya kasa biyan kuɗin wata-wata, shi ake cewa ya kawo dukan bashin da ya taru kafin likita ya duba shi. Sakamakon haka, kimanin mutum ɗaya cikin goma ba shi da inshora, da yawansu 'yan ƙabilar Roma ne (wata ƙabilar tsiraru a Turai, ba mutanen birnin Roma ba) da talakawan karkara, kuma ƙofar da ta rage musu ita ce ta sashen gaggawa, inda ake kai mutum bayan ciwo ya gama cin jikinsa.

Shi kansa mai katin bai tsira ba. Tsohuwa 'yar fansho takan tashi daga gaban likita da takardar magani, ta miƙa a kemis, a ce mata asusun ya ɗauki rabi ko kwata, sauran daga jakarta. Sai ta tsaya tana lissafin wanne za ta saya a wannan wata, na hawan jini ko na ciwon suga. Abin da 'yan Bulgeriya ke biya daga aljihunsu ya kai wajen sulusin dukan kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar, yana cikin mafi yawa a Tarayyar Turai, kuma mafi yawansa kan magani yake tafiya. Kati yana hannunta, magani yana kan kantar kemis.

A Hungari kuwa, kusan kowa na da inshora, amma shekara da shekaru majinyaci na zura ambulan a aljihun rigar likita, abin da suke kira kuɗin godiya, ko da yake godiyar da ba ta da makawa sunanta kuɗin fito. Ba a daƙile al'adar ba sai a 2021, lokacin da aka mai da ita laifi kuma aka ƙara wa likitoci albashi sosai. Wato abin da katin ya kasa yi cikin shekara talatin, kuɗin baitulmali ne ya taɓa shi.

Za a ce mini ai ga Estoniya, inda tsarin ya yi kyau. Na ji. Ƙasa ce mai mutum ƙasa da miliyan ɗaya da rabi, aikin albashi ya yi yawa, haraji na shiga, kuma duk da haka, daga 2018 sai da gwamnati ta fara zuba kuɗin baitulmali a asusun a madadin 'yan fansho, saboda kason albashi kaɗai ya gaza. Hujjar tasu ma tawa ce.

Jojiya ta gwada hanya mafi tsauri: ta sayar da yawancin asibitocinta, ta miƙa inshorar talakawa ga kamfanoni, har abin da mutane ke biya daga aljihu ya haura kashi 70 cikin ɗari. A 2013 ta juya, ta kafa shirin jinya ga kowa daga kuɗin haraji, mutane suka fara zuwa asibiti, nauyin ya ragu. Ban ce ta gama ba, don har yanzu kuɗin magani na karya gidaje a can.

Abin da ya sa nake ɗaga murya shi ne, Nijeriya ma ta wajabta inshorar lafiya a dokar 2022, alhali mafi yawan masu neman abinci ba su da takardar albashin da za a yanka. Kafin a buga wa mai dako a kasuwar Dawanau kati, a faɗa mana wanda zai biya masa a watan da bai samu aiki ba, a kuma faɗa mana ko katin zai karɓo masa maganin hawan jini a kemis.