Yaro Ya Wuni Yana Wasa, Me Ya Hana Shi Barci da Dare?

[Hoto: ƙofar wurin wasa da yamma, fitilu sun fara kamawa]

Assalamu alaikum, iyaye. Tun da aka dawo hutun Sallah, ƙorafi ɗaya ke ta yawo a bakin iyaye nan Kaduna. An kwashi yara an tafi Abuja, an kama ɗaki a otal, an kai su wurin wasa tun hantsi har magariba, da nufin in sun gaji su kwanta da wuri, uwa da uba su ma su ɗan sarara. Manyan yaran kam sun kwanta. Amma autan, ɗan shekara 2 ɗin nan, ƙarfe 11 na dare yana tsalle a kan katifa, ko yana tsala ihun da maƙwabtan ɗaki ke ji. Wasu sun ce baƙunta ce, wasu sun ɗora wa alewa laifi. Galibi dai tun azahar aka ƙulla matsalar, da la'asar sakaliya kuma aka ƙara mata ƙulli.

[Hoto: tashar Rigasa, jaka, keken tura yaro]

Bari mu wuce shirin tafiya da sauri. Daga tashar Rigasa a Kaduna zuwa ta Idu a Abuja kilomita 186 ne a layin dogon da aka buɗe a 2016. In da hali, ku zaɓi jirgin da lokacinsa ya dace da barcin ranar yaro, rausayar jirgi kan taimaka. Masauki kuwa, kusancinsa da wurin wasan ya fi kyan adonsa amfani. Ko Magicland kuka nufa, can kusa da ƙofar shiga Abuja, ko Millennium Park, ku nemi ɗakin da bai wuce tafiyar minti 15 a mota ba. Za ku ga dalili nan gaba kaɗan. Wanda kuma bai bar gari ba, Gamji ya kai iyalinsa ko Murtala Square, duk abin da za a faɗa ya shafe shi.

[Hoto: agogo, sai yaro yana murza ido a kan lilo]

To, ga inda ake kuskure. Ana ɗauka yaro kamar babba ne, in ya ƙara gajiya zai ƙara saurin barci. A ɗan shekara 1 zuwa 3, abin ba haka yake ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce ɗan shekara 1 zuwa 2 yana bukatar barcin awa 11 zuwa 14 a cikin awa 24, har da na rana. Ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Ku lura da wannan "har da na rana". Yawancin yara, daga wajen shekara ɗaya da rabi, barcin rana ɗaya suke yi, na awa ɗaya zuwa biyu. Ƙailular nan da magabata suka riƙe, a wurin ƙaramin yaro wajibi ce ta jiki.

Abubuwa biyu ke aiki a jikinsa. Na farko, tun da ya buɗe ido da safe wani sinadari da ake kira adinosin yake taruwa a ƙwaƙwalwarsa, kamar ruwa na ɗiga a randa. In randa ta cika, barci ya zo. Randar babba tana kai awa 16 kafin ta cika. Ta ɗan shekara 2 ba ta cika wuce awa 5 zuwa 6 ba.

Na biyu, in randar ta cika aka hana shi kwanciya, ga kiɗa, ga lilo, ga yara na gudu, jiki sai ya tashi tsaye ya taimake shi ya jure. Sinadaran da ke wartsakar da mutum lokacin firgici ko ɗoki su ne ke hauhawa. Shi ya sa za ku ga yaron da ke hamma ƙarfe 1, zuwa ƙarfe 3 ya koma kamar an sa masa sabon batir: dariya ba dalili, gudu, faɗuwa, cizo, birgima a ƙasa don an hana shi balan-balan. Iyaye sai su ce, "Ai ka gani, ba ya jin barci." Yana ji. Lokacin ne ya wuce shi. Kuma yaron da ya kai wannan matakin ya fi wuyar kwantarwa da dare, ya fi yawan farkawa, sannan ya tashi da sassafe a gajiye.

[Hoto: cikin mota, rana ta yi ja, kan yaro ya langaɓe a kujera]

Yanzu ku dubi wannan hoton da kyau, don nan ne asalin ɓarnar. Ƙarfe 5 da rabi, an baro wurin wasa, an shiga mota, ga cunkoso. Barci ɓarawo ne, kafin a kai shataletale na biyu ya sace yaro. Uwa ta ce alhamdu lillahi, ta ce wa yayyensa su yi shiru. Minti 25 ya yi, aka iso otal, aka ɗauko shi, ya farka.

Wannan minti 25 bai isa ya hutar da shi ba, amma ya isa ya kwashe saman randar nan. Barcin da ya taru tun safe an tsiyaye kansa, wartsakewar jikin kuma tana nan ba ta sauka ba. Sai ku sami yaro a gajiye amma idonsa ƙyar, kuma zai iya ƙara awa 4 ko 5 a haka. Ku lissafa daga ƙarfe 6, ku ga inda kuka tsaya. Ga amsar ƙarfe 11 ɗin da ake ta tambaya.

Mafita ita ce a raba wunin gida biyu. Ku shiga wurin wasa da zarar an buɗe, rana ba ta yi zafi ba, layi bai yi tsawo ba. Ƙarfe 12 da rabi a ci abinci. Zuwa ƙarfe 1 ku fita ku koma masauki, ko da yaro yana kukan ba ya son tafiya. Ku tambaya tun a ƙofa ko tikitin shiga yana ba da damar fita a dawo, don kowane wuri da tsarinsa. A ɗaki a ja labule, a rage kaya, a kwantar. Ku yi azahar, ku ma ku miƙe ƙafa. Ya yi barci daga 1 da rabi zuwa 3, ko 3 da rabi.

Daga lokacin da ya farka, ku ƙirga awa 5. Nan ne lokacin kwanciyarsa na dare. Ya tashi ƙarfe 3, ya kwanta 8. Kuna son ku kai bayan isha'i a waje ku ga fitilu? Sai ku tura ƙailular gaba kaɗan, daga 2 zuwa 4, ya kwanta ƙarfe 9. Amma kada barcin rana ya wuce 4 da rabi. In ya kai, ku buɗe labule, ku taɓa shi a hankali ku tashe shi. Da nauyi a tashi yaro yana tsakiyar barci, amma rigimar minti 10 da la'asar ta fi ta awa 3 da dare sauƙi.

In masauki ya yi nisa fa? A nan zani da majanyi sun fi kowace na'ura. A nemi inuwa nesa da lasifika, a goya shi, a yi ta zagaye har ya yi nauyi a baya. Awa ɗaya a goye ta fi babu nesa ba kusa ba. In a keken turawa ne, a kwantar da bayan kujerar, amma kada a lulluɓe keken da bargo ko mayafi mai kauri don a kare haske. Zafi na taruwa a ciki da sauri, musamman a watan Maris da Afrilu.

In kuma duk an yi an rasa, bai yi barcin rana ba sam, to ku haƙura da fitar dare. A hanyar komawa wani ya zauna kusa da shi yana masa hira, a sauke gilashi kaɗan, a ba shi ruwa, kada a bari ya yi barcin motar nan. Ana isa a yi wanka, a ci abinci, a kwantar da shi tun ƙarfe 6 da rabi ko 7. Kada ku ji tsoron wai zai tashi tsakar dare, bashin da ake binsa zai biya.

[Hoto: wurin wasa bayan la'asar, iyalai, doki mai juyawa]

Zagaye na biyu, daga bayan la'asar, shi ne mafi daɗi, a ganina ma shi ne ainihin fitar. Rana ta yi sanyi, yaro ya huta, fuskarsa a sake. Ku tsaya ga lilo masu tafiya a hankali, doki mai juyawa da ɗan jirgin ƙasa. Inda aka kafa ma'aunin tsayi, ku bi shi, kada a roƙi mai kula ya ɗaga ƙafa. Awa ta ƙarshe kuma a rage hayaniya, a koma kan ciyawa.

Abincin dare a ci da wuri, kafin magariba in zai yiwu, kuma abin da ya saba da shi: shinkafa, taliya, dankali, kunu. Lemon kwalba baƙi da shayi suna da kafeyin, sinadarin da ke hana barci, kada a ba shi da yamma. Gugguru, gyaɗa, alewa mai tauri da inabi ɗungurungum suna shaƙe yara ƙanana, balle a ba su suna gudu. Tsire a yayyanka ƙanana a karkaɗe yajin.

Rana a nan tana faɗuwa ne tsakanin 6 da 'yan mintuna a watan Disamba, zuwa dab da 7 a Yuni da Yuli, kuma da faɗuwarta sauro ke fitowa. Gamji a bakin kogin Kaduna yake, kun san abin da hakan ke nufi. Dogon wando, riga mai dogon hannu, safa. Maganin sauro na shafawa a kan fatar da ke waje kaɗai, ban da tafin hannu, tunda baki zai kai shi. Kafin duhu kuma ku ɗauki hotonsa da kayan da ke jikinsa, ku rubuta lambar waya a takarda ku sa masa a aljihu. Lokacin sallar magariba ne yara suka fi ɓacewa ido, kowa yana zaton ɗan'uwansa ne ke riƙe da shi. Maigida ya yi tasa uwargida na riƙe da yaro, sannan a canza. A faɗa da baki: "Ga shi nan a hannunki."

[Hoto: ɗakin otal, fitila ɗaya, gidan sauro]

A ɗaki, ku maimaita abin da kuke yi a gida, bi da bi yadda ya saba: wanka, kayan barci, nono ko madara, addu'ar barci, waƙar da ya sani. Ku zo masa da zanen da yake kwana da shi, warin gida na kwantar masa da hankali. Gidan sauro mai naɗewa ba ya cin wuri a jaka. Talabijin da waya a kashe awa ɗaya kafin kwanciya, haskensu da hayaniyarsu na jinkirta barci. Ƙarar fanka kuwa ku bar ta, tana rufe hayaniyar masu wucewa da tashin janareto. Idan a goye ya yi barci, ku jira kamar minti 20 har hannunsa ya saki, sannan a sauke.

Magana ɗaya da ba ta da sassauci: kada a ba yaro Piriton, ko Phenergan, ko maganin tari don ya yi barci. Phenergan an hana ba wa yaron da bai kai shekara 2 ba, domin yana iya danne numfashi. Wasu yaran ma irin waɗannan magunguna ƙara haukata su suke yi.

[Hoto: miji na shigowa da leda, mata na haɗa jaka da hasken waya]

Ya yi barci ƙarfe 8 da rabi. Yanzu daren naku ne, amma da sharaɗi: ba a barin yaro shi kaɗai a ɗakin otal, ko da wurin cin abinci a ƙasan bene yake, ko da na minti 10 ne. Yana iya farkawa ya buɗe ƙofa, ga bene, ga wurin ninƙaya. Ba a kuma barin sa a hannun yayarsa 'yar shekara 8. Karɓa-karɓa ake yi. Yau maigida ya fita da manyan yaran su ƙara zagaye ɗaya, ya dawo da gasasshen kifi. Gobe uwargida ta fita da su, shi ya zauna. In kun taho da kaka ko ƙanwa babba, dare ɗaya ku fita tare ku biyu, kun cancanta. Ɗaki mai falo a nan yake biyan kuɗinsa, don kuna iya kunna fitila ku yi hira. In ciki ɗaya ne, a shimfiɗa tabarma can ƙarshen ɗaki, a ci tsire da ɗan hasken banɗaki, a yi magana ƙasa-ƙasa. Ledar nan mai ƙara ku juye ta a faranti tun a waje.

Masu fita Dubai, ku tuna tana gaban Najeriya da awa 3. Ƙarfe 8 na dare a can, jikin yaro ƙarfe 5 na yamma yake ji, don haka kwanakin farko zai kai dare da kansa, kuma zai makara da safe. Ku bar shi, ku tura ƙailular ma gaba daidai da haka.

Kafin ku kwanta, jakar gobe: famfas 5 ko 6, kaya canji biyu, gorar ruwa, hula, majanyi, maganin sauro. Sai ku sa ƙararrawar waya a ƙarfe 12 da rabi na rana, don a cikin hayaniyar wurin wasa ba wanda ke duba agogo.

[Hoto: allon waya, ƙararrawa 12:30, sai duhu]