Router: Sunan da Kafinta da Injiniyan Intanet Suke Tarayya a Kai

Idan ka rubuta kalmar router a injin bincike, hotuna iri biyu za su fito maka: na'ura mai hannaye biyu da haƙorin ƙarfe a ƙarƙashinta, da kuma ƙaramin akwati mai ƙyaftawar fitilu wanda yake raba intanet. Mutane da dama suna zaton ɗayar ce ta ari sunan ɗayar, alhali kalmomi biyu ne daban da rubutu kawai ya haɗa.

Ta kafinta ce ta riga zuwa duniya. Sunanta ya fito daga aikatau na Turanci rout, wato rarakewa ko ƙwaƙulewa, kalmar da tun asali ake faɗa wa alade idan yana tonon ƙasa da hancinsa. Kafin zuwan lantarki, kayan aikin hannu ne mai ɗan siririn haƙori guda, wanda ake turawa a hankali domin a daidaita zurfin kwarmi a jikin katako, kuma kafintocin Ingila suna yi masa laƙabi da haƙorin tsohuwa. Na zamani yana da injin lantarki mai juya haƙorin sau 20,000 ko fiye a minti ɗaya, kuma wannan gudun ne yake sa yankan ya fito sumul. Da shi ake fitar da adon gefen tebur, ake haƙa gurbin da wani katako zai zauna daram, ake kuma buɗe wurin zaman hinjin ƙofa. Samfurin da ake dannawa haƙorin ya nutse a tsakiyar katako kamfanin ELU na Jamus ne ya fito da shi wajen shekarar 1949.

Ita kuwa na'urar sadarwa daga route sunanta ya fito, wato hanya, kuma aikinta zaɓen hanya ne. Duk saƙon da ka aika ta intanet ana yanka shi ƙananan ƙunshi, kowane ƙunshi yana ɗauke da adireshin IP, wato lambar da ke nuna na'urar da za shi. Idan ƙunshi ya iso, na'urar tana karanta adireshin, ta duba teburin hanyoyi da ke cikinta, sannan ta miƙa shi ga na'ura ta gaba wadda ta fi kusa da masaukinsa. Abin lura shi ne ba lallai ta san hanyar daga farko har ƙarshe ba. Zango na gaba kawai take yanke hukunci a kai, ta gaban ma ta yi haka, har saƙon ya isa. Kakanninta su ne na'urorin miƙa saƙo da ake kira IMP, da kamfanin BBN ya haɗa wa ARPANET, cibiyar sadarwar kwamfutoci a Amurka da ta zama mafarin intanet, waɗanda aka girka ta farkonsu a jami'ar UCLA a 1969, girmanta kamar firiji. A 1984 Leonard Bosack da Sandy Lerner, ma'aikatan jami'ar Stanford, suka kafa Cisco, kamfanin da ya mayar da ita hajar kasuwa. Akwatin da ke cikin gidaje, a gaskiya, na'urori da yawa ne a jiki ɗaya, domin raba Wi-Fi wani aiki ne daban da zaɓen hanya.

Kunne yana iya rarrabe abin da ido ya kasa. A Ingila ana kiran ta katako rauta, ta intanet kuma ruta, amma yawancin Amurkawa rauta suke ce wa duka biyun, kuma daga nan ruɗanin yake ƙaruwa.

Sai dai idan aka ƙara tono, kalmomin suna kusantar juna ta wata fuska. Route ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci, ita ma daga Latin rupta via, ma'ana hanyar da aka fasa, kamar wadda aka keta ta cikin daji. Ke nan ɗaya tana haƙa katako, ɗayar kuma sunanta yana ɗauke da tarihin fasa ƙasa. A masana'antun kayan katako na yau har haɗuwa suke yi: injin CNC, wanda kwamfuta ke sarrafa haƙorinsa, router ne, kuma sau da yawa zanen da zai sassaƙa ta cikin router ɗin intanet yake isowa gare shi.